Ɓatan Ma'aunan Nukiliya a Masana'antu: Wa Ke Ɗaukar Asarar?

LEGAS — A ranar 10 ga watan Maris na shekarar 2023, shugabannin wata tashar samar da wutar lantarki da ke unguwar masana'antu ta lardin Prachinburi, gabas da birnin Bankok na ƙasar Tailan, suka sanar da hukuma cewa wani ɗan tulun ƙarfe ya ɓace daga inda aka ɗaure shi a jikin rumbun toka. Tsawon tulun bai wuce santimita 30 ba, nauyinsa kuwa kilo 25, wato abin da ƙato ɗaya zai iya saɓawa a kafaɗa ya fice da shi. A cikinsa akwai ƙwayar sinadarin siziyom-137, wadda aikinta shi ne ta nuna wa ma'aikata inda toka ta kai a cikin rumbun ba tare da an buɗe shi ba.

Da aka fara bincike sai ta bayyana cewa mai yiwuwa ne tulun ya bar wurinsa tun wajen ranar 23 ga Fabrairu, ke nan an yi fiye da mako biyu kafin labari ya kai kunnen hukuma. Aka bazama shagunan masu sayen tsofaffin ƙarafa, aka sa ladan kuɗin ƙasar bat 50,000 ga duk wanda ya ba da labarin inda yake, daga baya aka ninka ladan. Bayan kimanin kwana goma, masu binciken suka tarar da burbushin siziyom a cikin jar ƙurar da tanderun wata masana'antar narka ƙarfe ya tara a gundumar Kabin Buri ta wannan lardi. Aka rufe masana'antar, aka killace ƙurar, aka shiga gwada lafiyar ma'aikata. Masu sayen 'ya'yan itatuwa daga lardin suka fara ja da baya, alhali manoman ba su taɓa ganin tulun ba, balle su san abin da ke cikinsa.

Wannan labari ya ƙunshi kusan dukan abin da ke sa ɓatan irin waɗannan na'urori ya zama batun tattalin arziki, ba batun masana kimiyya kaɗai ba. Kamfanin da ya sayi na'urar ya ci moriyarta shekara da shekaru daban yake. Wanda aka rufe wa masana'anta daban. Waɗanda kasuwarsu ta mutu su ma daban. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mutane da yawa in sun ji an ambaci nukiliya, bom ko tashar lantarki ke faɗo musu a rai. Amma mafi yawan sinadaran nukiliya da ke yawo a hannun 'yan kasuwa suna cikin ƙananan ma'aunai ne da ke manne a jikin injuna. Yadda suke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana rufe ɗan sinadarin a cikin wata ƙwayar ƙarfe wadda sau da yawa ba ta kai kan ɗan yatsa ba, a sa ƙwayar a cikin gida na dalma ko ƙarfe mai kauri, a bar wata 'yar kafa da tururin nukiliya zai riƙa fita ta cikinta. Wannan tururi wani irin haske ne da ido ba ya gani, wanda ke ratsa abubuwa. A ɗaya gefen sai a kafa na'urar da ke auna yawan tururin da ya iso. In abin da ke tsakani ya yi kauri, kaɗan ne zai ratso. In ya yi sirara, da yawa zai ratso. Da haka masana'antar takarda ke sanin kaurin takarda tana gudu a kan inji, masana'antar mulmula ƙarfe ta san kaurin faranti yana ja wur da zafi, kamfanin siminti ya san cikar rumbu, masu cika kwalabe da gwangwani su san wadda ba ta cika ba. Ma'aunin ba ya taɓa kayan, ba ya gajiya, kuma ƙwayar da ke cikinsa ba ta bukatar wuta ko batir. Shi ya sa injiniyoyi ke ƙaunarsa, kuma suna da gaskiya, domin asarar kayan da yake hanawa a shekara guda takan fi kuɗinsa.

Matsalar tana cikin wannan juriya tasa. Sai siziyom-137 ya yi shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Kobalt-60 yana bukatar shekara biyar da 'yan watanni, amerisiyom-241 kuwa fiye da shekara 400. Injin da aka manna ma'aunin a jikinsa yakan tsufa a shekara goma sha biyar ko ashirin. Injiniyan da ya kafa shi yakan yi ritaya ko ya canja wurin aiki, kamfanin ma kansa yakan karye ko a sayar da shi. Ita kuwa ƙwayar tana nan da ranta.

A nan ne ya kamata a dubi littafin akanta. Ranar da aka sayi ma'aunin, ana rubuta shi a jerin kadarorin kamfani, ana kuma rage darajarsa kowace shekara kamar yadda ake yi wa mota ko janareta, har ta kai sifiri. Daga ranar da ta kai sifiri, babu mai binciken kuɗi da zai sake tambayar inda yake, tunda abin da ba shi da daraja a littafi ba ya cikin abin da ake ƙirgawa a ƙarshen shekara. Amma a gaskiya darajarsa ba sifiri ba ce, ƙasa take da sifiri, domin rabuwa da shi ta halattacciyar hanya kuɗi ne: sai an kira ƙwararru masu lasisi su kwance shi, a sa shi a akwati na musamman, a nemi izinin sufuri, a biya wanda ya ƙera shi ko ma'ajiyar gwamnati kafin su karɓa. Akan sami lokacin da wannan ɗawainiya za ta fi kuɗin sabon ma'auni. Bashi ne ke nan da ke kan kamfani wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba. Manajan da aka matsa wa ya rage kashe kuɗi, in ya ga haka, sai ya ce a ajiye shi a bayan sito tukuna. Rana da ruwa su kankare alamar gargaɗi mai kunnuwa uku da ke jikinsa, ko mai fenti ya bi ta kanta da buroshi. Bayan wasu shekaru a zo sharar sito, a kira mai sayen tsofaffin ƙarafa a yi masa ciniki a dunƙule.

Mafi yawan ɓatan da ake samu ta wannan hanya yake faruwa, ba ta hanyar ɓarayi masu mugun nufi ba. Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, mai hedkwata a birnin Biyana, tana kiran irin waɗannan ƙwayoyi da suka kuɓuce daga kulawa marayu. Kundin da ta buɗe a 1995 don tattara rahotannin ɓata, sata da fataucin sinadaran nukiliya ya tara fiye da rahoto 4,000, kuma kaɗan ne daga ciki aka danganta da fatauci ko niyyar cutarwa. Wannan ma abin da ƙasashe suka ga dama suka kai rahotonsa ne, don shiga tsarin ba dole ba ne.

Ƙarshen tafiyar tsohon ƙarfe tanderu ne, kuma a bakin tanderu ne asarar ke bayyana da girmanta. Babu misalin da ya fi na kamfanin Acerinox fito da wannan fili. A ƙarshen watan Mayu na 1998, masana'antar kamfanin da ke Los Barrios, kusa da tashar jiragen ruwa ta Algeciras a kudancin ƙasar Sifen, ta narka wata ƙwayar siziyom-137 da ta shigo a cikin lodin tsofaffin ƙarafa. Masana'antar tana da na'urar tantance kaya, amma ƙwayar ta wuce ba a gane ta ba. Shi siziyom ba ya zama a cikin narkakken ƙarfe. In ya ji zafi sai ya tashi ya bi hayaƙi da ƙura. Wani kaso ya fita ta bututun hayaƙi, iska ta ɗauke shi ta haye teku da shi. A farkon watan Yuni sai ga na'urorin auna iska a Faransa, Italiya, Suwizalan, Jamus da Ostiriya suna nuna siziyom wanda a wasu wurare ya kai ninki dubu na abin da aka saba gani. Ko da yake adadin bai kai na cutar da jama'a ba, ya isa ya tayar da hankalin ƙasashen da ba su manta da haɗarin Chernobyl na 1986 ba. Sauran siziyom ɗin ya maƙale a ƙurar da matatun masana'antar suka tara, ita kuma ƙurar an riga an aika da ita wasu masana'antu biyu da ke sarrafa irinta, su ma suka gurɓata.

Mutum shida aka samu da ɗan burbushi a jikinsu, babu wanda ya mutu. Amma da aka yi lissafi, asarar ta kai kimanin dala miliyan 26: miliyan 20 na kayan da ba a ƙera ba a lokacin da masana'antar ke rufe, miliyan 3 na aikin tsabtacewa, miliyan 3 na ajiye sharar. Abin lura a wannan lissafi shi ne kaso mafi tsoka na tsayawar aiki ne. Tanderun da ya tsaya ba ya hana albashi da ruwan bashin banki tafiya, abokan ciniki kuwa in sun gaji da jira sukan koma wani wuri. Acerinox bai taɓa sayen wannan ƙwaya ba, bai ci moriyarta ko ta kwana ɗaya ba. Wanda ya yar da ita ya tsira da 'yan dubban dalolin da zai kashe wajen mayar da ita, ya bar wa wani asarar miliyoyi.

Ba Sifen kaɗai ba ce. Hukumar kula da nukiliya ta Amurka ta ƙiyasta a ƙarshen shekarun 1990 cewa duk masana'antar ƙarfe ta ƙasar da ta narka irin wannan ƙwaya takan yi asarar kimanin dala miliyan 10, akwai ma wadda tata ta kai miliyan 23. In kuwa kobalt-60 ne aka narka, lamarin ya fi muni, domin shi narkewa yake ya haɗe da ƙarfen ya bi shi kasuwa. Haka ta faru a Meziko, inda a watan Disamba na 1983 aka sayar wa wata ma'ajiyar tsofaffin ƙarafa a Ciudad Juárez wani sashe na tsohuwar na'urar gashin ciwon daji, aka narka, aka ƙera dubban tan na rodi da ƙafafun tebur. Ba a farga ba sai a Janairun 1984, da wata babbar mota ɗauke da rodin ta yi ɓatan hanya ta bi ta ƙofar cibiyar binciken nukiliya ta Los Alamos a Amurka, ƙararrawa ta kaɗa. Gine-gine fiye da 800 aka rushe a Meziko. A Taiwan kuwa sai a 1992 aka gane cewa dubban mutane sun shekara kusan goma a cikin gidajen da aka gina da irin wannan rodi. A 2008 an tattara maɓallan lif a Faransa bayan an gano an ƙera su da gurɓataccen ƙarfe daga Indiya, abin da ya jawo wa masu fitar da kayan ƙarfe na Indiya tsauraran bincike a tashoshin Turai.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan harka dai ba kasafai hakan ke faruwa ba, saboda dalilai biyu. Na farko, wuta tana cinye shaida. Kowace ƙwaya tana da lamba a jikinta wadda za a iya bi har a kai ga wanda ya saye ta, amma da zarar ta shiga tanderu lambar ta tafi. Ko a Prachinburi, inda aka san ranar da tulu ya ɓace kuma aka ga siziyom a lardi ɗaya cikin wata ɗaya, jami'ai sun yi ta taka-tsantsan wajen cewa lalle wannan daga wancan yake. Lauyan kamfani ba ya bukatar abin da ya fi wannan shakku.

Na biyu shi ne, ko an kama mai laifin, hukuncin da dokoki da yawa suka tanada bai taka kara ya karya ba. A Tailan, laifin jinkirta sanar da ɓatan tulun hukuncinsa bai wuce tarar bat 100,000 ko ɗaurin shekara guda ko duka biyun ba, wato tarar ta yi daidai da ladan da aka sa wa wanda ya tsinto shi. Wannan ƙasa kuwa ta taɓa ganin abin da ya fi haka. A farkon shekarar 2000, masu tsintar ƙarafa suka kwashi kan wata tsohuwar na'ura mai kobalt-60 da wani kamfanin kayan lantarki ya ajiye a wani fili babu tsaro, suka kai wata ma'ajiya a Samut Prakan aka fasa da wutar walda. Mutum goma suka kwanta asibiti, uku suka mutu. Tarar da aka ci kamfanin a kan ajiye kayan ba bisa ƙa'ida ba bat 15,000 ce, kuɗin da a lokacin bai kai dala 500 ba. Diyya kuwa sai da waɗanda abin ya shafa suka yi shekaru suna zarya a kotu.

Ƙasar Ostireliya ma, da dukan arzikinta, an kama ta a wannan hali. A Janairun 2023 wata ƙwayar siziyom mai faɗin milimita 6 da tsawon milimita 8 ta faɗo daga cikin wani ma'auni da aka ɗauko a mota daga mahaƙar Gudai-Darri ta kamfanin Rio Tinto zuwa birnin Perth, tafiyar kilomita 1,400. Motar ta iso ranar 16 ga wata, amma ba a buɗe akwatin an ga babu ƙwayar ba sai ranar 25. Aka tashi jami'an kashe gobara, sojoji da masana suna bin hanya a hankali da na'urori, har aka tsince ta a gefen titi kudu da garin Newman ranar 1 ga Fabrairu. Da 'yan jarida suka duba dokar jihar ta 1975, sai suka tarar mafi girman tarar da ta tanada dalar Ostireliya 1,000 ce. Firayim Minista Anthony Albanese da kansa ya ce tarar ta yi ƙanƙanta ƙwarai. Kamfanin ya nemi gafara ya kuma ce zai ɗauki nauyin kuɗin neman, amma wannan don kare suna ne, wanda babban kamfani ke da shi; ƙaramar masana'antar da ke gab da rufewa ba ta da sunan da za ta kare.

Lissafin da ke gaban mai masana'anta a bayyane yake. In mayar da tsohon ma'auni zai ci masa dala dubu biyar, misali, tara kuwa dubu ɗaya ce, kuma da wuya ma a gano shi, to doka da kanta ta nuna masa hanya mafi araha. Hukumar nukiliya ta Amurka ta fahimci haka a shekarar 2000. Kafin lokacin, dubban masana'antu a ƙasar suna riƙe da ma'aunai a ƙarƙashin wani sassauƙan izini na bai-ɗaya, wanda ba ya bukatar kamfani ya nemi lasisi da sunansa; da zarar ya sayi ma'auni daga halattaccen mai ƙerawa, izini ya hau kansa. An yi haka ne don ma'aunan ba su da haɗari muddin suna rufe a gidajensu, kuma an so a sauƙaƙa wa masana'antu. Sakamakon shi ne wasu kamfanonin ba su ma san suna da wani wajibi a kansu ba, hukumar ma ba ta cika zuwa duba su ba. Sabbin ƙa'idojin suka wajabta wa masu riƙe da ma'aunai masu ɗan ƙarfi su yi musu rajista kowace shekara, su biya kuɗin rajistar, su kuma naɗa mutum guda da sunansa wanda alhakin ma'aunan ke wuyansa. Sa'an nan hukumar ta sauya yadda take yanke tarar ɓatarwa, ta ɗora ta a kan kimanin ninki uku na abin da rabuwa da ma'aunin ta halattacciyar hanya zai ci. Wannan shi ne gyaran da ya fi ma'ana, domin ya juya lissafin: yarwa ta koma ta fi mayarwa tsada.

Sai dai tara mai tsanani tana da nata cikas, kuma Sifen ce ta fi kowa gane shi. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ɓatar da wanda ya tsinta. In mai ma'ajiyar tsofaffin ƙarafa ya san cewa duk ranar da na'urarsa ta yi ƙara, ya kira hukuma, za a rufe masa wuri a kuma ɗora masa kuɗin kwashewa, to ba zai kira ba. Zai mayar da motar inda ta fito, ko ya kashe na'urar, ko ya binne abin a bayan katanga. Bayan abin da ya sami Acerinox, gwamnatin Sifen, hukumar tsaron nukiliya, kamfanin gwamnati mai kula da sharar nukiliya wato Enresa, ƙungiyar masu narka ƙarfe da ta masu tara tsofaffin ƙarafa suka rattaba hannu a kan wata yarjejeniya a watan Nuwamba na 1999. Masana'antu suka ɗauki nauyin kafa na'urorin tantancewa a ƙofofinsu, da horar da ma'aikata, da kai rahoton duk abin da suka gani. Ita kuma Enresa ta ɗauki nauyin zuwa ta kwashe marayun ƙwayoyin, kuma in daga cikin ƙasar suka fito ba a ɗora wa wanda ya tsinta kuɗin. Masu shigo da ƙarafa daga waje kuwa aka bukace su da su nemi shaidar tantancewa daga masu sayar musu. Tun daga lokacin an tsamo ƙwayoyi masu yawa kafin su kai tanderu, kuma ƙasashe da dama sun ɗauki tsarin abin koyi.

Tarayyar Turai ta bi ta wata ƙofar a dokarta ta 2003 kan ƙwayoyi masu ƙarfi: kafin a ba kamfani izinin mallaka, sai ya nuna tanadin kuɗi ko wata tabbatacciyar hanya ta rabuwa da ƙwayar in ta gama aiki, ko da kamfanin ya karye. A wannan shekara ce kuma hukumar ta duniya ta amince da kundin ƙa'idojin kula da irin waɗannan ƙwayoyi, wanda ya bukaci kowace ƙasa ta riƙe rajistar manyan ƙwayoyin da ke cikinta. Ma'anar tanadin kuɗin ita ce a fito da wancan ɓoyayyen bashi a rubuta shi tun ranar saye, lokacin da kamfani ke da kuɗi da sha'awar kayan, maimakon a jira ranar da ba shi da ko ɗaya. Raunin da ya rage shi ne yawancin ma'aunan masana'antu suna ajin ƙasa a matakai biyar da hukumar ta duniya ta kasa ƙwayoyi, don haka tsauraran ƙa'idojin bibiya ba su cika hawa kansu ba. Ƙwayar da ba za ta kashe mutum nan take ba tana iya rufe masana'antar ƙarfe wata da watanni.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan lamari. Dokar soja mai lamba 19 ta 1995 ce ta kafa Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya, amma hukumar ba ta fara aiki ba sai a 2001. Ke nan duk ma'aunan da aka shigo da su a zamanin bunƙasar mai, lokacin da ake gina masana'antun ƙarfe, takarda, siminti da matatun mai, sun shigo ne kafin a sami hukuma guda mai riƙe da cikakken lissafinsu. Ba a daɗe da fara aikin hukumar ba ta gamu da jarrabawa. A watan Disamba na 2002 aka ba da rahoton ɓatan ƙwayoyi biyu da reshen kamfanin Halliburton na Nijeriya ke amfani da su wajen binciken rijiyoyin mai a yankin Neja Dalta. Gwamnati ta nemi taimakon hukumar ta duniya, aka yi ta gargaɗin jama'a, daga bisani aka gano kayan a Jamus a cikin tsofaffin ƙarafa. A watan Satumba na 2004 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da ba reshen kamfanin kwangila, tana zarginsa da sakaci da rashin ba da haɗin kai wajen dawo da kayan. Ko me za a ce game da yadda aka tafiyar da lamarin, matakin ya taɓa inda ya fi yi wa kamfani ciwo, don kwangilar mai ta fi kowace tara da ke cikin littafin doka nauyi. A 2006 hukumar ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan tsaro da kiyaye irin waɗannan ƙwayoyi.

Amma irin wannan mataki yana aiki ne a kan kamfanin da ke raye kuma yake son ci gaba da ciniki. Inda haɗarin Nijeriya ya fi yawa shi ne masana'antun da suka mutu. Masana'antun takarda na Jebba, Oku Iboku da Iwopin sun yi shekaru a tsaye kafin a sayar da su. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka fara ginawa da taimakon Tarayyar Sobiyet, bai taɓa aiki gaba ɗayansa ba. A Ikeja, Kaduna da Kano akwai ɗimbin masana'antun da aka kulle, wasu aka yi gwanjon injunansu. Ire-iren waɗannan masana'antu a ko'ina a duniya su ne masu amfani da ma'aunan nukiliya. In banki ya karɓe masana'anta saboda bashi, ko aka naɗa wanda zai sayar da kadarorinta ya biya masu bin ta, abin da ke gabansa shi ne fili, gini da nauyin ƙarfe. Shi akanta ne ko lauya, ba a koya masa alamar kunnuwa uku ba, kuma takardun da za su gaya masa akwai ma'auni bakwai a sashen kaza sun daɗe da zama abincin gara.

A ɗaya ɓangaren kuma, kasuwar tsofaffin ƙarafa ta bunƙasa ƙwarai. Masana'antun rodi da ke Ikorodu a Jihar Legas da Ogijo a Jihar Ogun da tsofaffin ƙarafa suke ciyar da tanderunsu, kuma kayan suna isowa ne ta hannu da yawa: daga yaro mai tura kura yana bin unguwanni, zuwa ɗan gwangwan mai sikeli, zuwa dillalin da ke cika tirela. Yawancin masu wannan sana'a a matakin farko matasa ne 'yan jari-bola, waɗanda da hannu da guduma suke fasa duk abin da suka samu don su raba tagulla da dalma daga baƙin ƙarfe. Gidan ma'aunin nukiliya kuwa da dalma ake cika shi, ga nauyi a ɗan ƙaramin jiki. A kan sikelin ɗan gwangwan, dalma ta fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba, saboda haka duk wanda ya tsinci irin wannan tulu, abin da zai fara yi shi ne ya nemi guduma.